Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Arewa: Ku Waiwayi Gero da Dawa da Ɗorawa

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Arewa 19,
ta hannun Shugaban Ƙungiyarsu, Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, ya haɗa ku da mashawarta na gari. Ni tsohuwar malamar gona ce. Na yi kusan shekara talatin ina shiga ƙauyuka, in zauna da mata a tsakar gida, in tsaya da maza a bakin gona, har na ajiye aiki na koma garinmu, inda yanzu nake da 'yar gonata ta gero da wake. Ina magana ne da yawun mutanen da na yi rayuwata a cikinsu: manomin da ke zaɓen zangarniyar iri ya rataye a rumbu, da mai daddawa, da mai fura, da mai ƙuli-ƙuli, da tsohuwar da ke shanya kuka da kuɓewa a kan rufin ɗaki. Yawancinsu ba za su iya rubuto muku ba, ko sun rubuta ma ba su san ƙofar da za su miƙa ba. In kun ji zafi a wata magana tawa, ku yi mini afuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A watan Yulin 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai wa mutane iya wuya, gwamnatin tarayya ta aika wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa. A cikin watan ne kuma aka sanar da janye harajin shigo da hatsi na tsawon kwana 150, kuma da hukumar kwastam ta fitar da jerin kayan, sai ga gero da dawa a ciki tare da shinkafa da alkama da masara da wake. Gero da dawa, ranku ya daɗe, a ƙasar da take cikin manyan masu noman dawa a duniya, kuma ta fi kowace ƙasa noman wake. Na san an yi haka ne don a kashe wutar da ta taso, kuma ba zan musa ba, da farashi ya sauko mai saye da kwano ya samu sa'ida. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya zo kaka ya tarar abin da zai sayar bai mayar masa da kuɗin takin ba. Na ji da kunnena magidanta suna cewa badi iya abin da gida zai ci za su noma. Tun daga lokacin nake sauraron in ji ɗaya daga cikinku ya miƙe ya tambaya: yaya aka yi yankin da ke cika kasuwar Dawanau da hatsi ya koma jiran tirela da jirgin ruwa? Da na ji shiru ya yi yawa, shi ne na ɗauki alƙalami.

Amsar tambayar ba ɓoyayya ba ce. Mun daɗe muna zuba kuɗin gwamnati a kan abin da ƙasarmu ba ta bayarwa sai da wahala, muna yi wa abin da take bayarwa cikin sauƙi riƙon sakainar kashi. Ku dubi alkama. Najeriya tana shigo da sama da tan miliyan 4 duk shekara, abin da muke nomawa a gida bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da muke ci ba. Tun zamanin da aka gina madatsun Tiga da Bakolori ake mafarkin wadata ƙasa da alkama. A 1987 aka hana shigo da ita, a 1992 aka janye hanin. A ƙarshen 2023 aka sake ƙaddamar da nomanta na rani a Jigawa da tallafin rabin kuɗin kayan aiki. Ni ba maƙiyiyar alkama ba ce. Kakanninmu sun noma ta a fadamu lokacin hunturu, sun yi alkaki da funkaso da taliya 'yar murji, abincin biki da baƙo. Abin da ya canja shi ne ta tashi daga abincin marmari ta zama karin kumallon kowace safiya, alhali ba ta son zafinmu. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, mai shayi da mai biredi da mai alkubus duk suka ji a jikinsu. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa a Kano sai da suka fito titi saboda tsadar fulawa. Waɗannan mata ba su san Bahar Aswad, tekun da alkamar Rasha da Yukiren ke bi, ba, amma abin da ya faru a can shi ya kashe musu tanderu.

Shinkafa ma haka. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya lashe sama da naira tiriliyan ɗaya, mafi yawa a kan shinkafa da masara da makamantansu, har aka yi dalar shinkafa a Abuja a farkon 2022. Ina tambaya cikin ladabi: wane shiri mai wannan girma aka taɓa yi wa gero? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa a duniya baki ɗaya, bisa buƙatar Indiya. A ƙauyukan da na sani shekarar ta zo ta wuce, babu manomin da ya ji labarinta.

Gero kuwa shi ne amfanin da ke tsayawa a jigawa inda masara ke ƙonewa. Cikin wata uku ya nuna, da ɗan ruwan da Allah ya saukar, ko da takin gida ne kawai. In ruwa ya ɗauke mako biyu sai ya nannaɗe ganye ya jira, ruwa na dawowa ya miƙe. Dawa ta fi shi daɗewa a gona amma ita ma haƙuri gare ta, a ƙasar firki ta Borno har akwai masakwa da ake dasawa bayan damina ta wuce, ta rayu da laimar da ƙasa ta riƙe. Acha tana yi a tsandaurin Filato da Bauchi da kudancin Kaduna inda wani amfanin ba ya yi, tana kuma nuna da wuri ta tari yunwar tsakiyar damina. Ga gurjiya, ga riɗi, ga tamba, ga rizga, ga aya, ga jar shinkafarmu ta fadamar Sakkwato wadda ba daga Asiya aka kawo ta ba. Yanzu da damina ta daina tsayawa a kan ƙa'ida, waɗannan su ne ya kamata a ce ana lallaɓawa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuka na farko da zan kai gabanku shi ne abin da gwamnatocinku da kansu suke saya. Ku ne manyan masu cefane a Arewa. Makarantun kwana, asibitoci, gidajen marayu, sansanonin 'yan gudun hijira, ciyarwar azumi, tallafin ambaliya: duk da kuɗin jiha ake cika tukwanensu. In aka buɗe sito me za a gani? Shinkafa, taliyar kwali, fulawa, dunƙulen magi. Jikata tana wata makarantar kwana ta 'yan mata. Ta zo hutu na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ta dube shi ta ce, "Kaka, wannan ai abincin ƙauye ne." Ban yi mata faɗa ba, don ba ita ta ƙirƙiro maganar ba. Makarantar tana tsakiyar gonakin dawa, amma buhunan da ake saukewa a ƙofar kicin ɗinta daga nesa suke zuwa. Yarinyar da ta yi shekara shida tana ganin haka, ta riga ta koyi darasi ko ba a rubuta a allo ba. Gobe ita ce uwar gida, ita za ta yanke abin da za a ɗora a murhu.

Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 an ce na abincin gida ne, an ware naira 70 ga kowane yaro, daga baya aka mayar da shi 100, a farkon 2024 kuma aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ko lokacin da yake tafiya, ban ga an ɗaure shi da rumbun manomin da ke maƙwabtaka da makarantar ba.

Wannan sakaci yana da farashi, kuma yara ne ke biya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Talauci ne babban dalili, da rashin tsaro da rashin ruwa mai tsabta, na sani. Amma na ga gidajen da ake sayar da wake da gyaɗa da ƙwai a sayo taliyar leda a ba yaro, a zaton an yi masa gata. Abin da ke sosa mini rai shi ne, in yaron ya kamu da tamowa aka kai shi wurin ma'aikatan jinya, garin kunun da suke koya wa uwa ta haɗa na gero ne ko dawa da waken suya da gyaɗa. Abin da ke bayan ɗakinta ne tun farko. Iyayenmu sun yaye mu da kunun gyaɗa da kunun kanwa da fura da nono, miya kuma ba ta rasa daddawa da ganye.

Akwai inda aka gwada wata hanya. Jihar Odisha ta Indiya ta fara wani shiri a 2017 na farfaɗo da dangin gero. Gwamnatin jihar tana sayen tamba kai tsaye daga manoma a kan farashin da aka tsayar, tana raba ta cikin hatsin tallafi, tana kuma sa ta cikin abincin ƙananan yara, ƙungiyoyin mata ne ke sarrafawa. Jiha ce ta yi wannan da kanta, kuma babu abin da ta yi wanda ya fi ƙarfin Katsina ko Yobe ko Jigawa.

Kuka na biyu shi ne iri, kuma a nan da hannuna a ciki. Lokacin da nake aiki an aike mu da sabon irin wake mai nuna da wuri, aka ce mu shawo kan manoma su bar nasu. Na yi aikin da zuciya ɗaya. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, ke buhu kike ƙirgawa. Ni ina ƙirga buhu, ina ƙirga harawar da tumakina za su ci har bazara." Kanannado yake shukawa tsakanin dawarsa, mai yaɗo, mai ganye. A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Sai da na ga maƙwabtansa suna sayen harawa da rani na gane lissafinsa ya fi nawa faɗi. Haka kaura da farafara suke: ban da hatsi akwai karan darni da na girki da abincin dabba. Haka zango da maiwa da dauro, kowanne da ƙasar da yake so da tuwon da yake yi. Bayan shekaru na koma wani ƙauye inda mata suka ce mini suna neman wata maiwa da iyayensu ke yin fura da ita, an zagaya gida-gida ba a samu ko tafin hannu ba. Irin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓe ana gadar wa 'ya'ya, ya ɓace cikin shekara ashirin, ina kallo.

Kada a fahimce ni a baibai. Masananmu na Samaru a Zariya da na cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri da na Badeggi sun yi aiki mai amfani, geron sosat ya ceci gonaki da yawa a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma duk irin da suka inganta, daga na manomi suka samo asalinsa. In tushen ya ƙare, me za a inganta gobe? Ga shi kuma masarar aure, wadda ake samu ta haɗa iri biyu, irinta ba ya ajiyuwa, duk shekara sai an koma shago. A 2019 aka fitar da waken da aka sauya wa ƙwayar halitta, a farkon 2024 aka fitar da masarar TELA, ita ma an sauya mata ƙwayar halitta. Masana suna ta muhawara a kansu a Abuja da Legas, manomin da ake miƙa wa ledar iri a ƙauye kuwa sau da yawa ba a gaya masa ko wane iri ne. Haƙƙinsa ne ya sani, da harshen da yake ji, ya zaɓa da kansa. Akwai dokar iri ta 2019 da dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri ta 2021. Mu da muka ga yadda ƙananan manoman Kenya suka kai gwamnatinsu kotu a 2022 a kan dokar da ta haramta musu musaya da sayar da irin da ba shi da rajista, dole gabanmu ya faɗi. A wurinmu ba wa maƙwabci kwanon iri zumunci ne, ana kai wa ɗiyar da ta yi aure a wani gari, ana ba wanda gobara ta cinye wa rumbu. Ba ma son ranar da za a ce wannan laifi ne.

Kuka na uku shi ya fi ci mini rai: itatuwa. Mahaifiyata mai daddawa ce, da kuɗin daddawa ta yi mini kayan ɗaki. Na tashi ina ganin yadda ake yi. Da bazara a kaɗo ɗorawa, a ɓare, garin nan rawaya mu yara mu sha, a dama a kunu, kalwar a wanke a shanya. Ranar dahuwa a ɗora tukunya tun safe har dare ana ƙara ruwa da itace, sai ta yi laushi a zuba a turmi a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a juye a kwando a rufe da ganye a ajiye a ɗaki kwana biyu zuwa uku har ta tashi. Sannan a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Ɓawon ɗorawar ma ba a yar da shi, da shi ake makubar da ke riƙe daɓe da katanga. Gidan da ba a ga nama ba sai salla, daddawa ce ke tsaya masa a miya, domin tana da abin gina jiki, abin da dunƙulen gishiri da ɗanɗano ba shi da shi. A gonakin da ke kewaye da garinmu, ina yarinya ba a iya ƙirga ɗorawa. Yau ina iya ƙirga su da yatsun hannu, kuma duk tsofaffi ne, babu ƙanana masu tasowa. Matan da suka gaji sana'ar mahaifiyata yanzu kalwar da aka kawo daga nesa suke saye da tsada, wasu sun koma ta waken suya, wasu sun bari.

Ba ɗorawa kaɗai ba. Kaɗanya, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan 'ya'yanta, ita masu gawayi suka fi so saboda ƙarfin itacenta. Motocin gawayi suna wucewa a kan manyan hanyoyinku dare da rana. Tsamiya, kuka, ɗinya, kanya, aduwa, magarya, kurna, goriba, giginya, taura: duk wanda ya tashi a karkara ya san waɗannan su ne rumbun da ba a kullewa. Tsofaffinmu da suka ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga iyayensu, da waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, za su gaya muku da ganyen tafasa da yaɗiya da 'ya'yan itace aka kai ga kaka. Itacen da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gida ana kayar da shi cikin awa ɗaya a sayar da shi a buhu kaɗan. Wanda ya sare shi ma ba mugu ba ne, yunwa ce ta kore shi, mai sayen gawayin a birni kuma tsadar gas da kananzir ce ta kore ta. Wasu daga cikinku sun sanar da haramta sare itatuwa, Allah ya saka. Amma hani kaɗai bai taɓa tsayar da gatari ba.

Ku leƙa Maraɗi da Damagaram, tafiyar 'yan awoyi daga Katsina da Daura. Tun cikin shekarun 1980 manoman can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke kututturen da ke tsirowa, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a yi ta kula da su. Ba a shuka ba, ba a yi ban ruwa ba. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya kuma ba shi taki. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba za a zo a ci shi tara don ya sassabe reshe ba. 'Yan'uwanmu ne, harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, dazuzzuka ma a ƙarƙashinku suke. Wannan ba sai kun jira Abuja ba.

Kuka na huɗu na mata ne, kuma ina so maza su ji shi da kyau kafin su ce matan yanzu ragwaye ne. Kafin damin gero ya zama tuwo sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe, sannan a tuƙa. Acha ta fi haka wahala, ƙwayarta ƙanana ce kamar rairayi, rairaye tsakuwarta kaɗai yini ne. Taliyar leda kuwa minti biyar ta dahu, da itace kaɗan. Macen da ke da goyo da sana'a da tsadar makamashi, in ta zaɓi mai sauƙi ba ta yi laifi ba. Shinkafa ta ci kasuwa ne don an kafa mata injina an kawo ta a wanke a buhu. Tun shekarun 1990 wani malami ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfa acha da ke yin aikin sa'o'i cikin mintuna. Maƙeranmu na Kano da Kaduna da Jos za su iya ƙera irinsa da na sussukar gero in an ba su aikin. Duk ranar da mace ta samu garin gero mai tsabta da tsakin dambu da acha wankakkiya a shagon unguwa a kan kuɗin da bai fi na taliya ba, ba sai an yi mata wa'azi ba.

Na biyar ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Kaduna manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani wurin ma an hana shuka dawa don tsayinta. Ba mu manta manoman Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gona a watan Nuwamban 2020 ba. Duk ƙauyen da ya watse, da irinsa yake watsewa, kuma wanda ya yi shekara biyar a sansani yana karɓar awo ba ya komawa da zangarniyar kakansa.

Abin da nake faɗa ba ni na fara faɗarsa ba. A watan Fabrairun 2007 wakilan manoma da makiyaya da masunta sama da 500 daga ƙasashe fiye da 80 suka taru a Selinge ta ƙasar Mali, suka sa wa taron sunan Nyeleni, wata manomiya da tarihin baka na can ke tunawa. Matsayarsu ita ce kowace al'umma tana da haƙƙin ta yanke abin da za ta noma da abin da za ta ci, irinta da ƙasarta da ruwanta su kasance a hannunta. Ƙoshi da abincin da wani ke riƙe da mabuɗinsa ƙoshi ne na yau kawai. Mu ma addininmu ya san da wannan, zakkar fidda kai daga abincin da mutanen gari suka fi ci ake fitar da ita, kuma malamanmu sun lissafa gero da dawa a ciki tun a littattafan farko da ake karantawa a zaure.

Saboda haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Ku sa doka a jihohinku cewa wani kaso bayyananne na duk abincin da ake saya da kuɗin gwamnati, ko na makaranta ko na asibiti ko na tallafi, ya zama gero da dawa da acha da wake da gyaɗa da aka noma a jihar, a saya daga ƙungiyoyin manoma da na mata, a biya su a kan lokaci. Ku fara da makarantun kwana, don su ne kacokan a hannunku. A dawo da kunu da safe, da dambu da zogale, da tuwo da miyar da aka sa wa daddawa, a dafa shi da kyau yadda yaro zai so shi. A ba masu daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na garin kwangilar kai kaya, ko da sai an taimaka musu da rajista da tsabtar wurin aiki.

Ku riƙa sayen gero da dawa da kaka a kan farashin da ba zai karya manomi ba, ku adana, ku fitar da tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya shawarci mutanen Masar su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, kuma haka kakanninmu ke ajiye gero a dami ya shekara biyu ko uku lafiya lau. In kuma gwamnatin tarayya za ta sake buɗe ƙofar shigo da hatsi, ku haɗa murya ku ce kada a yi shi a bakin kaka, kuma a cire gero da dawa daga jerin.

Ku kafa rumbun iri a kowace ƙaramar hukuma, a hannun manoma da dagatai da mata, jami'o'inku na jiha su taya su rubuta sunan kowane iri da halinsa. A yi gaggawa, domin masu wannan ilimi tsofaffi ne, duk shekara muna binne wasu. Akwai irin da aka tattara daga ƙauyukanmu aka adana a cibiyar ajiyar iri ta ƙasa da ke Ibadan da ta ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, da ke Sadore kusa da Yamai. Ku nemi a dawo wa garuruwan da suka rasa nasu da kaɗan su sake yaɗawa. Ku kuma fito fili ku tabbatar wa manomi cewa ajiye irinsa da ba maƙwabcinsa da sayar da shi a kasuwar ƙauye ba zai taɓa zama laifi a jiharku ba, kuma duk irin da za a raba a rubuta ko mene ne shi da Hausa da ajami da sauran harsunanmu.

Ku ba ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka kariya ta musamman a doka, ku rubuta cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne da magadansa. Ku ɗauki manoma da malaman gona ku kai su Maraɗi su gani da idonsu. In za a yi bikin dashen itatuwa, a dasa waɗanda ake ci, a kuma ware kuɗin rainonsu na shekara uku, don mun gaji da ganin dashen da akuya ke cinyewa bayan an naɗe tabarmar taro. A sauƙaƙa wa birane makamashin girki, in ba haka ba gatari ba zai huta ba.

Ku sa wa ƙungiyoyin mata injinan sussuka da surfe da niƙa masu aiki da hasken rana, ƙirar gida, waɗanda in sun lalace akwai mai gyara a kasuwar kusa. Ku ɗauki sababbin malaman gona, musamman mata, domin mu da muka tafi ba a maye gurbinmu ba, kuma namiji ba ya shiga inda ake surfe da dahuwar kalwa. A koya musu su fara da tambaya kafin su fara koyarwa, abin da ni ban yi ba a farkon aikina.

Ƙarshen shekara za ku kai kasafin kuɗi gaban majalisunku. Zan nemi na jiharmu in buɗe shafin ma'aikatar gona da na ma'aikatar ilimi, in duba ko an ambaci gero, in kuma karanta wa matan unguwarmu abin da na gani. In wani daga cikinku yana son ya ji daga bakinsu, ya zo da kaka ba tare da jiniya ba, za mu shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawar da ta rage a gonar mahaifina, mu dama masa fura.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Tsohuwar malamar gona, a madadin manoma da masu sana'ar abinci na karkara.